Manhajar Zaɓen Jariri: Ina Magani Ya Tsaya, Ina Tace Iri Ya Soma?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Farm Centre a Kano da niyyar sayen waya ya san yadda ake yi. Za a jera maka uku ko huɗu a kan gilashi, ka tambayi ƙarfin batir, ka duba kyamara, ka auna da kuɗin aljihunka, sannan ka nuna ɗaya. To yanzu a Amurka akwai kamfanonin da ke nuna wa ma'aurata irin wannan jerin a fuskar waya ko kwamfuta, sai dai abin da aka jera ɗin 'ya'yansu ne da ba a kai ga dasawa a mahaifa ba. Wannan ga hasashen haɗarin ciwon suga, wancan ga na ciwon zuciya, na ukun ga tsayin da ake sa ran zai yi.

Kamfanin Orchid yana karɓar dala 2,500 a kan kowane ɗan tayi guda da zai karanta wa DNA. A shekarar 2025 wani kamfanin mai suna Nucleus ya fito da tasa manhajar, wadda ban da cututtuka har da hasashen launin ido da tsayi da kaifin ƙwaƙwalwa take nunawa. Kafin su akwai Genomic Prediction da ke jihar New Jersey, wanda shi ya fara buɗe wannan kasuwa.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar masu kuɗin Amurka ce, ina ruwanmu? Akwai ruwanmu. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar jarirai masu cutar sikila, kimanin 150,000 a kowace shekara bisa ƙiyasin da hukumomin lafiya suka saba ambata. Tuni takardar gwajin jini ta shiga cikin maganar aure a garuruwanmu, har tana raba waɗanda suka yi shekaru suna son juna. Ke nan mun riga mun fara yanke hukunci a kan wanda za a haifa ta hanyar duba ƙwayoyin gado. Abin da ya rage shi ne mu san inda ya kamata a tsaya.

Yadda ake yin abin

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne ƙanana, kuma a cikin kusan kowace akwai DNA, wato rubutaccen umarnin yadda za a gina jikin. Haruffa huɗu kacal ake rubuta shi da su: A da C da G da T. Jimillarsu kimanin biliyan 3. Da za ka adana su a waya ta hanyar da ta fi tsimi, ba za su cika gigabait ɗaya ba, wato fim guda mai kyan hoto ya fi su cin wuri. A cikin wannan rubutu akwai sassa kusan 20,000 da ke ɗauke da umarnin haɗa sinadaran gina jiki, su ne ake kira ƙwayoyin gado.

Aikin farko na karanta waɗannan haruffa ya ɗauki shekara 13, daga 1990 zuwa 2003, ya kuma ci kusan dala biliyan 3. Yau da 'yan ɗaruruwan daloli ake yin sa. Wannan faɗuwar farashin ce ta haifar da kasuwar da muke magana a kai.

Zaɓen ɗan tayi ba ya yiwuwa sai ta hanyar IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji. Louise Brown ce jaririyar farko da aka haifa ta wannan hanya, a Ingila, a 1978. Idan ƙwan da aka haɗa ya kwana biyar ko shida, likita zai ɗebi ƙwayoyin halitta kaɗan daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a daskarar da sauran, a aika da abin da aka ɗiba ɗakin bincike. Sakamakon da ya dawo shi ne ma'aurata za su duba su zaɓi wanda za a dasa. Tun 1990 aka fara irin wannan gwajin a asibitin Hammersmith da ke Landan, don kauce wa wasu munanan cututtukan gado. Don haka gwajin kansa ya daɗe. Sabon abu shi ne irin abubuwan da ake cewa za a iya hangowa da shi.

Harafi ɗaya, da haruffa dubu goma sha biyu

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, kuma masu talla ba sa gaggawar warware musu.

Cutar sikila harafi ɗaya ce. A cikin ƙwayar gadon da ake kira HBB, inda ya kamata a ga A sai aka ga T. Wannan ɗan canjin ne yake sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Idan miji AS ne matarsa ma AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. A lura, kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar SS a farko ba ta ba da tabbacin cewa uku na gaba za su tsira. Gwajin irin wannan cuta a jikin ɗan tayi kamar neman kalma ɗaya ne a cikin fayil: ko tana nan ko ba ta nan. Wasu asibitocin haihuwa masu zaman kansu a Legas da Abuja suna yin sa, da miliyoyin naira.

Tsayi da basira da yawancin ciwon suga da na zuciya ba haka suke ba. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya duba bayanan mutum miliyan 5.4, ya gano wurare fiye da 12,000 a DNA da ke da alaƙa da tsayi kawai. Kowanne tasirinsa ɗan mitsitsi ne. Abin da manhajar take yi shi ne ta ba kowane wuri maki, ta tara, ta fitar da lamba guda. Ni da nake rubuta manhaja, wannan lissafin bai zame mini baƙo ba. Danginsa ne TikTok yake amfani da shi wajen hasashen bidiyon da za ka so: an ga dubban mutane masu kama da kai sun yi kaza, don haka wataƙila kai ma za ka yi. Idan TikTok ya yi kuskure, sai ka ja yatsa ka wuce.

A 2019 wasu masu bincike suka lissafa ribar da za a iya samu idan aka zaɓi ɗan tayin da ya fi maki, suka wallafa a mujallar Cell. Matsakaicin abin da suka samu shi ne kusan santimita 2.5 a tsayi, ko maki 2.5 a gwajin basira, shi ma ba tabbas. Da suka duba manyan iyalai masu 'ya'ya da yawa da suka riga suka girma, sai suka ga sau da yawa wanda ya fi maki ba shi ne ya fi tsayi a gidan ba. Dalili a bayyane yake: 'yan uwa ciki ɗaya daga tukunya ɗaya aka ɗebo su, bambancinsu ba shi da yawa, sannan abinci da lafiya da makaranta da tarbiyya suna da nasu kason. Shi ya sa ƙungiyoyin masana ƙwayoyin gado a Turai da Amurka suka ce wannan gwajin bai kai a riƙa sayar wa iyaye ba, kuma a Birtaniya doka ba ta yarda a zaɓi ɗan tayi da irin wannan makin ba.

Akwai kuma matsalar da duk mai rubuta manhaja ya sani: ka gyara layi ɗaya a nan, wani abu ya lalace a can. Ƙwayar gado ɗaya takan yi aiki fiye da ɗaya. Harafin sikila kansa misali ne. Mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954, kuma wannan ne ya sa harafin ya yawaita a ƙasashen da sauro ya addaba. Haka wasu nau'o'in ƙwayar gadon APOL1 da suka yawaita a Afirka ta Yamma: suna kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. To wanne ne “mai kyau” a cikinsu? Amsar ta danganta da inda mutum yake zaune da zamanin da yake ciki.

Bayanan su wa aka koya wa manhajar?

Manhajar hasashe ba ta wuce bayanan da aka horar da ita da su. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu masu asalin Turai ne, alhali ba su wuce kashi 16 na al'ummar duniya ba. Sakamakon haka, makin da ke ɗan yin daidai ga Bature yana raguwa sosai idan aka gwada shi a kan ɗan Afirka.

Abin mamaki kuma, Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado a tsakanin mutanenta. A 2020 masu bincike na shirin H3Africa sun karanta DNA na mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, suka ci karo da bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Saboda haka duk ranar da wani ya zo da manhaja ya ce zai gaya wa Bahaushe ko Bafulatana wanne ne zai fi basira a cikin 'ya'yansu, tambayar farko ita ce: a kan su wa ka gwada? Mun ga irin wannan a manhajojin gane fuska da suka riƙa kasa tantance baƙar fata.

Zaɓe daban, gyara daban

Duk abin da muka faɗa a sama zaɓe ne a cikin abin da iyaye suka riga suka bayar. Gyara kuwa shi ne a shiga cikin rubutun a canza harafi. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da wata dabara da aka samo daga ƙwayoyin bakteriya, mai suna CRISPR, a yanke DNA a daidai inda ake so. Sun samu kyautar Nobel a 2020 saboda wannan.

A watan Nuwamban 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, da ke birnin Shenzhen, ya ɗora bidiyoyi a YouTube yana sanar da cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya gyara musu DNA tun suna 'yan tayi. Ya taɓa ƙwayar gadon CCR5, ƙofar da ƙwayar cutar HIV take bi ta shiga jiki, da nufin yaran su samu kariya, domin mahaifinsu yana ɗauke da cutar. Masana suka yi masa ca. Na farko, akwai hanyoyi tabbatattu na kare jariri daga kamuwa ba tare da an taɓa DNA ba. Na biyu, bayanansa da kansa sun nuna gyaran bai fito yadda ya tsara ba, kuma bai zama iri ɗaya a dukkan ƙwayoyin jikin ba. Na uku, rashin CCR5 yana da nasa haɗarin, domin yana sa wasu cututtukan su fi tsanani. A Disambar 2019 kotu ta ɗaure shi shekara uku da tarar yuwan miliyan 3. Ya fito a 2022.

A sana'armu akwai ƙa'idar da ko ɗan koyo ya sani: ba a sakin sabon gyara ga jama'a sai an gwada, kuma sai an ajiye tsohon kwafi da za a koma masa idan abu ya ɓaci. He Jiankui ya yi gyara a inda babu tsohon kwafi. Yaran ba su da hanyar komawa baya, ba a tambaye su ba, kuma abin da aka canza zai iya bin zuri'arsu.

Yanzu kwatanta da wannan. A Yulin 2019 aka yi wa wata Ba'amurkiya mai sikila, Victoria Gray, magani da CRISPR ɗin nan dai. An ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinta, aka gyara su ta yadda za su koma samar da irin sinadarin jinin da jariri yake da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, aka mayar mata. Maganin, mai suna Casgevy, ya samu amincewar Birtaniya a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. A nan baligar mace ce ta ji bayani ta yarda, cutar tana damunta a zahiri, kuma gyaran ya tsaya a jikinta, ba zai bi 'ya'ya ba. Almakashi ɗaya ne aka yi aiki da shi a wurare biyun, amma hukuncinsu ya sha bamban. Maganin yana da wahala, domin sai an yi wa mutum allurai masu ƙarfi irin na masu ciwon daji, waɗanda kan iya hana haihuwa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne.

An taɓa bin wannan hanya

Tunanin “inganta” irin ɗan Adam ya girmi kwamfuta. A 1883 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ɗan uwan Charles Darwin, ya raɗa masa suna yujeniks, daga kalmomin Girkanci masu nufin kyakkyawar haihuwa. A Hausa za mu iya cewa aƙidar tace iri: a ƙarfafa wa waɗanda ake ganin sun cancanta su hayayyafa, a hana waɗanda ake ganin ba su cancanta ba.

Ba 'yan daba ne suka yaɗa ta ba. Farfesoshi ne da likitoci da alƙalai. A 1907 jihar Indiana ta Amurka ta yi dokar tilasta yi wa wasu mutane aikin hana haihuwa, jihohi fiye da 30 suka bi sahu. A 1910 aka buɗe wani ofishi a Cold Spring Harbor da ke tattara tarihin iyalai a kan katuna, wato rumbun bayanai na wancan zamanin. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta amince a yi wa wata matashiya mai suna Carrie Buck wannan aiki, bisa hujjar cewa ita da mahaifiyarta da 'yarta duk masu raunin hankali ne. Daga baya masu tarihi suka gano cewa fyaɗe aka yi mata ta samu cikin, kuma 'yar tata ta shiga makaranta har ta shiga jerin ɗaliban da aka yaba wa kafin ta rasu tana da shekara takwas. Mutanen da aka yi wa wannan aiki a Amurka sun haura 60,000, yawancinsu talakawa da naƙasassu, daga baya kuma baƙaƙen fata da sauran tsiraru da yawa.

Jamus ta Hitler ta yi tata dokar a 1933, aka yi wa kimanin mutum 400,000. Daga 1939 aka wuce hana haihuwa aka koma kashe naƙasassu da masu taɓin hankali a asibitoci. Kuma abin bai mutu da yaƙin duniya ba. Siwidin ta ci gaba har tsakiyar shekarun 1970. Dokar Japan ta yi aiki daga 1948 zuwa 1996, sai a Yulin 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ta saɓa wa tsarin mulki.

Masu sikila ma ba su tsira ba. Linus Pauling, wanda ya taimaka wajen gano asalin cutar a 1949, ya taɓa ba da shawara a 1968 cewa a yi wa masu ɗauke da harafin alama a goshi don kada su so juna. A shekarun 1970 an hana masu AS wasu ayyuka a Amurka, an tsawwala musu kuɗin inshora, makarantar horar da sojojin sama ta ƙi karɓarsu har zuwa 1981, alhali lafiyarsu ƙalau.

“Ai yanzu iyaye ne ke zaɓa”

Masu goyon bayan sabuwar fasahar suna da hujja, kuma adalci ne a kawo ta. Sun ce wancan zalunci ne na gwamnati, wannan kuwa ma'aurata ne da kansu suke zaɓa, ba a taɓa jikin kowa da ƙarfi ba. Wani masanin falsafa, Julian Savulescu, ya yi gaba a 2001 ya ce idan iyaye suna da hanyar zaɓen ɗan da ake sa ran zai fi samun kyakkyawar rayuwa, to ya kamata su zaɓa. Suna kuma tambaya: wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila yana ihu saboda ciwon ƙashi, zai iya kallon uwar ya ce kada ta nemi hanyar kauce wa haka a haihuwa ta gaba? Ni kam ba zan iya ba.

Sai dai zaɓin mutum ɗaya-ɗaya idan ya taru yakan yi abin da gwamnati ma ba ta yi ba. Na'urar hoton ciki an ƙera ta ne don lafiyar uwa da jariri. Da ta yi araha a Indiya da Sin, inda ake fifita ɗa namiji, miliyoyin iyalai suka riƙa duba jinsi suna zubar da cikin mata. Babu wanda ya tilasta musu. Ƙidayar Sin ta 2010 ta nuna ana haihuwar maza kusan 118 a kan kowane mata 100, alhali a ɗabi'a ba ya wuce 105 ko kusa da haka. Indiya sai da ta yi doka a 1994 ta hana likitoci faɗin jinsin abin da ke ciki. Na'urar ba ta ƙirƙiri son zuciyar ba, ta dai ba shi ƙafafu.

Mu tambayi kanmu da gaskiya. A al'ummar da ake sayar da man bilicin a kowane lungu, ake yi wa yarinya gori da baƙinta, da za a ba mutane maɓallin zaɓen launin fata, me muke zaton za su danna? A inda har yanzu ake yi wa matar da ta jera 'ya'ya mata kallon mai laifi fa?

Sannan akwai maganar masu buƙata ta musamman. Da yawa daga cikinsu suna cewa idan al'umma ta saba da tace irinsu tun kafin haihuwa, waɗanda suka riga suka zo duniya za su koma kamar kuskuren da aka kasa gogewa, kuma za a fara tambayar iyayensu me ya sa suka bari. Akwai kuma maganar kuɗi: fasahar da masu hali kaɗai za su iya saya za ta iya mayar da cutar gado tambarin talauci.

Malaman Musulunci ma sun tattauna batun. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kansa a 1998, kuma matsayar da manyan majalisun fiƙihu suka fi tafiya a kai ita ce halascin amfani da wannan ilimi wajen magani da rigakafi idan cutarwarsa ba ta fi amfaninsa ba, tare da hana wasa da halittar mutum da sunan inganta iri.

Mu da takardar gwaji

A 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Saudiyya ta wajabta irin wannan gwajin tun 2004, amma a can idan sakamako ya nuna haɗari, ana yi wa masu neman auren bayani ne a bar musu zaɓi. Wannan bambancin yana da muhimmanci. Sanar da mutum halin da yake ciki taimako ne. Daga ranar da aka fara ware shi saboda harafin da ke jininsa, an kama wata hanyar.

Ina da aboki da aka fasa aurensa saura 'yan makonni, bayan gwaji ya nuna shi da yarinyar duk AS ne. Su biyun suka zauna suka yanke shawarar, sun yi kuka, sun haƙura. Abin da ya fi ƙona masa rai ya biyo baya ne: labari ya zaga unguwa cewa yarinyar “mai ciwo ce”, har wasu masu son neman aurenta suka janye, cikinsu har da waɗanda da sun yi gwaji wataƙila babu wata matsala. AS ba cuta ba ce. Kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. Amma yanzu za ka ga saurayi yana faɗin “ni AA ne” kamar wata sarauta, ka ga mai SS ana ɓoye ta ko ana gaya mata a fuska cewa ba ta da rabon aure. Wannan ɗin ma reshen tace iri ne, ko da babu CRISPR a ciki.

Ga masu shirin aure, abin da ya fi sauƙi shi ne a yi gwajin tun kafin soyayya ta yi nisa, a kuma maimaita shi a wani ɗakin gwajin daban, domin ana samun kuskuren sakamako. A tuna kuma ba S kaɗai ba ne: akwai C, kuma haɗuwar S da C ma nau'in sikila ce.

Ga hukumomi kuwa, yaran da aka riga aka haifa suna nan. Gwajin jarirai da zarar an haife su, allurar rigakafi, maganin kariya daga ƙwayoyin cuta, gidan sauro, da ƙwayar haidiroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon, duk abubuwa ne da aka tabbatar suna ceton rai, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar dala miliyan biyu ba. Ƙasar da ta wajabta gwaji kafin aure amma ta bar mai SS yana neman jini a asibiti bai samu ba, ta yi rabin aiki.

Kalmar sirrin da ba a canzawa

Akwai wani ɓangare da ya shafi duk mai waya kai tsaye. Kamfanin 23andMe ya shahara da sayar da gwajin asali: ka tofa yawu a kwalba, ka aika, ka ga sakamako a manhaja. A 2023 masu kutse suka kai ga bayanan kusan mutum miliyan 6.9 na abokan hulɗarsa. A Maris ɗin 2025 kamfanin ya shigar da takardar durƙushewa, aka shiga muhawarar wa zai sayi rumbun bayanan.

Idan aka sace kalmar sirrinka ta Facebook, za ka canza. Idan aka sace katin ATM, za ka toshe. DNA ba ya canzuwa, kuma ba naka ba ne kai kaɗai, domin rabinsa na mahaifiyarka ne, rabi na mahaifinka, kuma yana fallasa 'yan uwanka da ba su san ka aika ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan ƙwayoyin gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Don haka kafin ka aika wa wani kamfani yawunka, ko ka ɗora hoton takardar gwajinka a sitatus ɗin WhatsApp ko a manhajar haɗa aure, ka duba wa zai riƙe bayanin, har yaushe, kuma ko akwai hanyar gogewa.

To ina iyakar?

Ni ba likita ba ne, ba kuma malami ba. Amma idan aka kawo mini irin wannan fasaha, tambayoyi uku nake yi mata. Me ake nema: kauce wa cuta mai tsanani da aka san asalinta, ko biyan buƙatar ido da gasar maƙwabta? Wa ke yanke hukunci: mutanen da abin ya shafa bayan an yi musu cikakken bayani, ko hukuma da dangi da mai talla? Idan aka yi kuskure, wa zai ɗauka, kuma akwai hanyar komawa?

Ma'aurata masu AS da suka nemi gwajin ɗan tayi don gudun SS suna da amsa mai ƙarfi a kan dukkan ukun. Victoria Gray ma haka. He Jiankui ya faɗi a duka. Manhajar da ke jera 'yan tayi bisa hasashen basira kuwa tana sayar da lambar da ita kanta ba ta da tabbas a kai, kuma yaron da aka zaɓa a kan wannan lambar zai tashi da bashin da bai ci ba: ranar da ya faɗi jarrabawa, akwai wanda zai tuna kuɗin da aka kashe.

Waɗannan manhajoji za su iso mu, kamar yadda kirifto da manhajojin bashi suka iso, da talla mai kyau da hotunan jarirai masu murmushi. Gara mu fara maganar tun yanzu, a makarantu da masallatai da majalisun dokoki, kuma a sa masu sikila da iyayensu a sahun gaba, domin su suka fi kowa sanin ciwon, su kuma za su fi kowa jin zafin gorin.